Muryar Japananci ko ta Turanci: wacce za ka danna kafin ka fara kallon anime?

Duk wanda ya ɗan jima yana kallon anime, wato fina-finan zane na Japan, ya san gardamar nan. Ɓangare ɗaya na cewa in ba da muryar Japananci ka kalla ba, kana bin fassara a ƙasan allo, to ba ka kalli komai ba. Su ne 'yan sub. Ɗaya ɓangaren, 'yan dub, cewa suke yi kallo suka zo yi ba karatu ba, a ba su muryar Turanci kowa ya huta. An fi shekara 30 ana wannan ja-in-ja, tun zamanin kaset ɗin bidiyo a Amurka, lokacin da sai mutum ya zaɓi ɗaya tun a kanti, kuma kaset mai fassarar rubutu ya kan fi mai murya tsada.

Sai dai gardamar ba da mu aka tsara ta ba. Ba'amurken da ya zaɓi dub, harshen da ya tashi da shi ya zaɓa. Mu kuwa duka biyun baƙi ne a wurinmu. Yawancinmu a takarda muka koyi Turanci, idonmu ya fi kunnenmu saurin kama shi, kuma Turancin da muka saba ji ba irin na Texas ko Los Angeles ba ne. Don haka shawarar da za ka gani cewa "dub ya fi sauƙi" ba lallai ta hau kanka ba. Tambayarka ta farko ita ce: Turanci a rubuce ka fi kamawa, ko a baki?

Mudun da za a auna da shi

Abu shida ne. Ingancin wasan muryar kanta. Riƙe amanar abin da marubuci ya nufa. Sauƙin kallo, musamman a waya. Samuwa da kuɗi, har da data. Ɗorewa, wato ko muryar da ka saba da ita za ta kai ka ƙarshen labarin. Sai kasada: abin da zai iya ɓata maka kallon, ko ya ba ka kunya a gaban mutane.

Muryar Japananci da fassarar rubutu

A Japan ɗora murya sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta ana ce musu seiyuu, suna da makarantunsu da kamfanonin da ke nema musu aiki, manyan cikinsu kuma taurari ne da ake cika zaure don ganinsu. Yadda suke ɗaukar aikin shi ne abin lura. A al'ada, duk 'yan wasan da ke cikin kashin shirin, a ɗaki ɗaya suke taruwa, an jera makirfo uku ko huɗu a gaban allo. Wanda layinsa ya zo sai ya taso da takardarsa a hannu, ya faɗi nasa, ya zame ya ba na gaba wuri ba tare da ko takalminsa ya yi ƙara ba. Daraktan sauti na bayan gilashi, sau da yawa tare da daraktan shirin. Wani lokaci ma zanen bai kammala ba, zanen fensir kawai suke kallo. Shi ya sa faɗa da kuka suke fita da zafi: mai ihun yana jin numfashin wanda yake yi wa ihun. Annobar korona ta 2020 ta tilasta a rarraba su ƙananan rukuni, amma tsarin tun asali na haɗuwa ne.

A nan sai an yi wa 'yan sub wata tambaya da ba sa so. In ba ka jin Japananci, ta yaya za ka gane ɗan wasa ya yi kuskure? Idan Baturen dub ya danna kalma inda bai kamata ba, nan take za ka ji ta yi maka banbarakwai. Na Japananci kuwa ko ya karanta layin kamar mai karanta sanarwa, kai dai sautin kake ji, ma'anar kuma daga rubutu kake ɗauka, sai zuciyarka ta haɗa su ta ba ka wasa mai kyau. Ban ce seiyuu ba su iya ba, sun iya ƙwarai. Cewa nake yi rabin yabon da ake musu daga waje, rashin jin harshen ne ke rufa asiri.

Kuma ba kullum muryar asali ke zuwa daidai da abin da ka zata ba. Goku na Dragon Ball, Masako Nozawa ce ke masa murya, wata dattijuwa da aka haifa a 1936. Ita ce ta yi shi yana yaro, ita ce kuma ta ci gaba da shi har ya zama uba, ta haɗa da 'ya'yansa Gohan da Goten. Wanda ya tashi da babbar muryar Sean Schemmel ta Turanci, ranar da ya fara jin ta Nozawa sai ya duba ko wayarsa ce ta samu matsala. Luffy na One Piece ma mace ce, Mayumi Tanaka, haka Naruto, Junko Takeuchi. Amma waɗannan biyun ko a Turanci mata ne ke yin su, don haka babu mamaki sosai.

Wajen amana, Japananci ne a gaba, amma kada ka ɗauka fassarar rubutu ita ce maganar da aka faɗa kalma da kalma. Ita ma taƙaitawa ake yi don ido ya iya cimma ta. Ƙa'idar Netflix ta fassarar Turanci, alal misali, layi biyu ce kacal a allo, kowane layi kada ya wuce harafi 42. Abin da ya tsira shi ne abin da kunnenka ke ji ko da rubutun bai kawo shi ba, musamman girmamawa. Bajapane ba ya kiran na gaba da shi gatsau, sai ya liƙa san ko sama ko senpai, ƙani kuma ba ya kiran yayansa da suna. Wannan mu ba sai an yi mana bayani ba, mu da muke cewa Yaya da Malam, muke ce wa dattijo ɗaya "ku". Ranar da wata ta daina kiran wani da sunan gidansu ta kira shi da sunansa na yanka, an wuce wani mataki a labarin, kuma dub ya kan share wannan tun daga kashin farko.

Raunin sub a sauƙi yake. Idonka ɗaya ne, ko dai yana ƙasa kan rubutu ko yana sama kan zane. A talabijin ko kwamfuta abin da sauƙi, bayan 'yan kwanaki ma mantawa kake yi kana karatu. A ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, cikin rana, ga faɗa ana yi ga mutum uku na magana a tare ga rubutun allon kanti an fassara a sama, sai ka yi ta dannawa kana komawa baya. Shirye-shirye masu surutu irin su Gintama da Monogatari sun fi kowa wahalarwa. Kuma ba za ka iya yankan albasa ko guga kana bin labari ba.

Samuwa kuwa babu gardama. Kowane anime yana da muryar Japananci, ba kowanne ke da ta Turanci ba. Monogatari ba a ɗora masa Turanci ba, Gintama ma wani yanki kawai aka yi. Sababbin shirye-shirye kan fito a manhajar kallon anime ta Crunchyroll da fassarar rubutu kamar awa ɗaya bayan an nuna su a Japan.

Ɗorewa ma tasu ce. Nozawa na riƙe da Goku tun 1986, Tanaka na riƙe da Luffy tun 1999, Rica Matsumoto ta yi jarumin Pokémon daga 1997 har labarinsa ya ƙare a 2023. A can galibi rasuwa ko rashin lafiya ko ritaya ne ke raba ɗan wasa da rawarsa.

Kasadar sub biyu ce. Ta farko fassarar banza: a shafukan sata za ka haɗu da wadda inji ya yi, mace ta koma "shi", ko rubutu ya riga magana da daƙiƙa uku. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. A wasu manhajoji fassarar Turanci iri biyu ce, ɗaya an rubuta CC a gefenta. Wannan maganar 'yan dub ce aka rubuta don kurame, ba fassarar Japanancin ba. In ka haɗa ta da muryar Japananci, dub kake karantawa kana alfahari da sub.

Muryar Turanci

Mummunan sunan da dub ya yi ba ƙage ba ne, shi ya jawo wa kansa. A shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, kamfanonin Amurka suna sayen anime ne don tashoshin yara, sai su yanke su canza yadda suka ga dama. Kamfanin 4Kids da ya ɗauki One Piece a 2004 ya mayar da sigarin Sanji alawar tsinke, ya kuma tsallake kashi da dama. A Pokémon an nuna dunƙulen shinkafa ƙiri-ƙiri a allo, murya ta ce donot ne. Tun kafin nan, a 1985, an datse fim ɗin Nausicaä na Hayao Miyazaki da sama da minti 20 aka sake masa suna, abin da ya sa kamfanin fina-finansa, Studio Ghibli, ya kafa sharaɗin kada a ƙara taɓa masa fim da almakashi. Yawancin masu zagin dub yau, wancan zamanin suke zagi.

Yanzu an bar yanka a manhajojin kallo, hoton da mai sub ke gani shi mai dub ke gani. Abin da ya rage shi ne wahalar aikin kanta. Ɗan wasan Amurka shi kaɗai yake shiga ɗan akurkin ɗaukar murya, da abin saurare a kunne. Zai ji ƙara sau uku, ɗin, ɗin, ɗin, a na huɗun da ba a buga ba sai ya fara magana, kuma dole maganar ta ƙare daidai inda bakin zanen ya rufe. Sau da yawa wanda yake amsa wa bai ma zo ya ɗauki nasa ba tukuna. Kafin shi akwai marubucin da ya zauna yana ƙirga buɗewar baki, yana ƙara kalma a nan yana rage a can. Daga nan ake samun jimlolin nan masu ɗan tsawo da babu Baturen da zai faɗe su haka a zahiri, kuma daga nan ma'ana kan ɗan goce.

Wani abin da masu kallo ke ƙorafi a kai shi ne maimaituwar muryoyi. Aikin ya taru ne a 'yan wurare: yankin Dallas da Houston a Texas, Los Angeles, New York, sai Vancouver a Kanada. Christopher Sabat shi ne Vegeta, shi ne Piccolo, shi ne Zoro, shi ne All Might. Bryce Papenbrook shi ne Eren, shi ne Kirito, shi ne Inosuke. In ka kalli shiri goma za ka fara gane su kamar maƙwabta. A Japan ma haka ne, Yuki Kaji da ya yi Eren shi ya yi Todoroki, kawai dai kunnenmu bai cika kamawa ba.

Amma akwai inda Turanci ya yi rawar gani har 'yan sub na gaske suke sassautawa. Cowboy Bebop na 1998, wanda Steve Blum ya yi muryar Spike, shi ne misalin da kowa ke kawowa. Death Note da aka ɗora a Vancouver ya fito da kyau, haka Fullmetal Alchemist: Brotherhood. Sai kuma shirye-shiryen da labarinsu ba a Japan yake ba: Baccano a Amurkar shekarun 1930, Hellsing Ultimate a Ingila, Black Lagoon inda 'yan fashin tekun a labarin Turanci ake nufin suna yi da juna. A irin waɗannan, ana iya cewa dub ne ya fi kusa da abin da ke faruwa a cikin labarin. Fina-finan Ghibli kuwa manyan 'yan wasan Hollywood ake ɗauka: Christian Bale ya yi Howl, Robert Pattinson ya yi tsuntsun nan na fim ɗin Miyazaki na 2023 da wata murya da ba za ka taɓa cewa shi ne ba.

Sauƙi shi ne babban jarin dub, kuma a nan ne ya kamata ka gwada kanka kafin ka yarda. Idonka ya huta, gaskiya ne, za ka ga kowane zane da aka ɓata wata da watanni ana yi. Amma aikin ya koma kunne. Magana ce da sauri, da karin harshen Amurka da salon maganar matasansu, wani lokaci ma mutumin Osaka a ba shi karin kudancin Amurka don a nuna shi ba ɗan Tokyo ba ne. Ka ɗora wannan a kan lasifikar waya, ga janareta na ruri a maƙwabta. Na ga masu digiri da Turanci a bakinsu suna cewa "me ya ce?" a kowane minti biyu. Maganin shi ne dub tare da rubutun CC, a nan ne amfaninsa yake. Netflix ya kan samar da shi, a wasu manhajojin ba kowane shiri ke da shi ba.

Samuwa ta gyaru sosai tun 2014, lokacin da Space Dandy ya riƙa fita da Turanci a Amurka tare da fitarsa a Japan. Yanzu manyan shirye-shirye kan samu dub bayan mako biyu zuwa huɗu, wasu ma rana ɗaya. Mako biyu kuwa ya isa wani ya gaya maka wanda ya mutu a Facebook ko TikTok. Dogayen labarai sun fi shan wahala, an yi lokacin da One Piece na Turanci ke baya da kashi ɗaruruwa.

Ɗorewa ita ce inda dub ya fi rauni, domin lasisi na canza hannu. Dragon Ball Z ya fara da 'yan wasan Vancouver a 1996, a 1999 kamfanin Funimation ya maye su da nasa na Texas. Pokémon ya canza kusan duk muryoyinsa a 2006. Evangelion da Netflix ya kawo a 2019 sabuwar ɗora murya ce, ba wadda tsofaffin masoya suka sani ba. Zangon farko na Vinland Saga dub biyu gare shi daga kamfani biyu. Kana iya gama zango ɗaya ka shiga na biyu ka ji jarumin ya zama wani mutum.

Kasada kuma: ashar da maganar batsa da za su wuce shiru a rubuce, a dub da ƙarfi za su fito, cikin harshen da ƙannenka da ke falo suke ji.

Kuɗi da data

Nan babu wani bambancin kirki. Kuɗin wata ba ya canzawa a Crunchyroll ko Netflix, ko wacce murya ka danna. Hoto ne ke cin data, ba sauti ba. Muryar kashi ɗaya mai minti 24 ba ta cika wuce megabait 20 zuwa 25 ba, rubutun fassara kuwa ko megabait ɗaya bai kai ba. In fayil ne mai murya biyu, ɗan wannan ƙarin kawai za ka biya. Wanda ke karɓa a wurin masu tura fim a waya ya tambaya tun kafin a tura: wace murya ce, kuma rubutun a manne yake da hoton ko ana iya kashe shi? Irin waɗannan fayiloli galibi ba da izinin masu shirin suke yawo ba, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin kashi na 40 zai zo da muryar da kashi na 39 ya zo da ita.

| Ma'auni | Japananci da rubutu | Turanci |
|---|---|---|
| Wasan murya | Mai zafi, da wuya ka gane kuskure | Ya danganta da shiri da shekarar da aka yi |
| Amana | Ta fi, amma a taƙaice | An gyara don bakin zane |
| Sauƙi | Aikin ido | Aikin kunne |
| Samuwa | Kowane shiri, nan take | Ba duka ba, da jinkiri |
| Kuɗi da data | Ɗaya | Ɗaya |
| Ɗorewa | Shekaru gommai | Muryoyi kan canza |
| Kasada | Fassarar inji, tarkon CC | Tsohon dub mai yanka, ashar a fili |

Wani abin da ke ba ni dariya in na ga matasanmu sun rabu gida biyu a kan wannan shi ne, duka gidajen biyu muna da gadonsu. Iyayenmu sun cika silima suna kallon fina-finan Indiya babu fassarar komai, kuma su fito su ba ka labarin tiryan-tiryan. Mu kuma muka tashi da Indiya-Hausa, inda mai fassara kan ƙara barkwancin da ba ya cikin fim ɗin, kuma mutane da yawa don barkwancin suke kallo. Amurkawa ma suna da irin wannan: Ghost Stories da aka ɗora a 2005, an watsar da yawancin maganganun asali aka cika shi da shaƙiyanci, ya yi suna saboda haka. Ba na yara ba ne ko kaɗan.

Wa ya dace da wanne

In kana karanta Turanci da sauri kuma kana da allo mai ɗan girma, ka fara da Japananci. Nan nake, kuma dalilina samuwa da ɗorewa ne, ba wai na yarda duk seiyuu ya fi duk Bature ba. Mai bin shirin da ake kan yi mako-mako ma ba shi da wani zaɓi in yana tsoron a ɓata masa labari. Haka mai son labaran makaranta da soyayya da tarihin samurai, inda wa ya girmi wa shi ne rabin labarin.

In kunnenka ya saba da fina-finan Amurka, ko a waya kake kallo kana wani aikin, ko kana shirin fuskantar dogon labari mai kashi ɗaruruwa irin Naruto, dub zai kai ka inda sub zai gajiyar da kai. Ka tabbata dai ba tsohon mai yanka ba ne: One Piece na Funimation da ya fara a 2007 za ka nema, ba na 4Kids ba. Mai matsalar ido da wanda karatu ke masa nauyi ba sa bukatar neman afuwar kowa.

Mai son gyara Turancinsa ya haɗa dub da CC. Mai koyon Japananci ya san cewa yadda jaruman faɗa ke magana, in ya yi wa dattijo haka a Tokyo rashin kunya ce.

Yara ƙanana da ba su iya karatu ba, dub ne, amma murya ba ta tace komai. Attack on Titan da Turanci cin mutane ake yi a ciki kamar yadda ake yi da Japananci, don haka alamar shekarun da ke jikin shirin za ka duba. Gidan da ke da tauraron ɗan adam mai kama tashoshin Larabawa, tashar Spacetoon ta daɗe tana nuna anime da Larabcin fusha da aka tace don yara, a Larabci ne Captain Tsubasa ya zama Kyaftin Majid. 'Yan uwa na Nijar da Chadi da Kamaru kuwa gardamarsu da Faransanci take, VF (muryar Faransanci) ko VOSTFR (muryar asali da fassarar Faransanci a rubuce), kuma ma'aunan nan shida za su yi musu aiki yadda suke.

Wanda har yanzu yake tsakiya, ya buɗe kashi na uku ko na huɗu na shirin da yake so, ba na farko ba, don 'yan dub kan ɗauki 'yan kashi kafin su zauna a rawarsu. Ya nemi wurin da mutum biyu ke hira a natse, ya kalli minti biyar da kowace murya a wayar da zai riƙa kallo da ita, ya ƙirga sau nawa ya koma baya a kowacce.